Hattara da masu tallar "simintin da ke baje kansa" a Kano

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwana da kwanaki ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma da na ji wani bawan Allah a Ɗorayi ya faɗa ramin da na faɗa, sai na ga shiru ba nawa ba ne.

Garejin gidana a Rijiyar Zaki na so in mayar wa uwargida ɗakin ɗinki, tunda motar an sayar. Matsalar ɗaya ce: daɓen a gangare yake, daga bangon ciki zuwa bakin ƙofa. Ba kuskuren magini ba ne, da gangan ake yi wa gareji haka don ruwan wankin mota da na damina ya fice waje. Amma keken ɗinki da teburin yanka ba sa zama a kan gangara. Tsawon garejin mita 6 ne, faɗinsa mita 3, kuma bakin ƙofa ya fi ciki gangarawa da santimita 8.

A Facebook na ga bidiyon. Mutum ya dama wani gari a bokiti, ya tuttula a ƙasa, abin ya malala ya kwanta sumul kamar ruwa a faranti. Na kira lambar. Washegari ga shi ya zo da hular kwano irin ta ma'aikatan gini da tef ɗin awo a ƙugu, ya ce a kira shi Injiniya. Bakinsa kamar zuma. "Alhaji, ai zamanin yashi da shebur ya wuce. Buhu goma ya ishe ka, yau a zuba, gobe Hajiya ta shigo da kekunanta." Ya ce shagonsa na Ƙofar Ruwa. Muka yi ciniki a kan naira 380,000, kaya da aiki, na tura 300,000 kafin alƙalami zuwa wani asusu da sunan da ke kai ba nasa ba ne. Wai na ƙaninsa ne. Tun daga nan ya kamata jikina ya ba ni, amma wanda ya ƙagu ba ya ganin rami.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, irin wannan garin akwai shi na gaske, kamfanoni na yin sa, yana kuma aiki. Sai dai an yi shi ne don shafe 'yan ƙananan kwari da tudu kafin a sa tayil, ba don cike gangara mai zurfi ba. Ga lissafin da na yi bayan aikin gama ya gama, wanda da na yi shi tun farko da kuɗina na aljihuna. Na gasken yana cin kusan kilo 1.7 a kowace murabba'in mita idan kaurinsa milimita 1 ne. Garejina murabba'in mita 18 ne. Gangarar santimita 8 idan aka raba ta daidai, kauri ya zama milimita 40 ke nan. A ninka: ya haura kilo 1,200, wato buhu 49 na mai kilo 25. Shi kuwa buhu goma ya kawo. Buhu goma ba zai cike ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, ko da na gasken ne.

To yaya aka yi ya cike? Ranar aikin ya ce in tafi kasuwa abina, ƙura za ta dame ni. Almajirin gidanmu ne ya ba ni labari daga baya. Yashi suka sa aka kawo a baro, suka zuba shi busasshe a ɓangaren ƙofa, suka tattake da ƙafa, sannan suka kwarara ruwan garin nan a kai, bai fi kaurin kwali ba. Ba su sassare tsohon daɓen ba, ba su wanke baƙin man da mota ta shekara da shekaru tana ɗigarwa ba, ba su kuma shafa ruwan gam ɗin da ake fara shafawa don sabo ya kama tsoho ba. Da na dawo da La'asar na tarar da daɓe fari-fari yana sheƙi. Har tukwici na ƙara wa yaransa, Allah Ya gani.

Kwana biyar aka yi. Iskar hunturu na bugawa sai ga tsaga ko'ina kamar bayan kunkuru. In ka ƙwanƙwasa da mukulli sai ka ji ƙarar fanko. Uwargida ta ɗan yayyafa ruwa za ta share, wurin ya yi laushi, farce na kankare shi. Ƙafar teburi kuwa ta burma ciki har yashi ya fito. Na kira Injiniya, ya ce yana Kaduna, gobe. Goben ta zo, ya ce rasuwa aka yi masa. Rana ta uku layin ya daina shiga. Na je Ƙofar Ruwa na zaga layin masu kayan gini da hotonsa a waya, babu wanda ya san shi da shago. Wani dattijo a can ya ce ni ne na uku da ya zo da irin wannan cigiya.

Tsohon birkilan da ya gina mana gidan na nemo, da kunyata da komai. Ya tsuguna ya ɓamɓaro ɓallin daɓen, ya murje shi a tafin hannu, ya ce, "Alhaji, wannan ai POP ne aka gauraya da ɗan siminti. Na silin ne aka kwantar maka a ƙasa." Shi ya sa ya bushe da wuri ya yi santsi, shi ya sa kuma ruwa ke narka shi. Na ɗauko buhunan da suka bari: rubutun Turanci ne birjik, amma babu adireshin kamfani, babu ranar da aka yi, babu bayanin yawan ruwan da za a zuba, bakinsu kuma da zare aka ɗinke da hannu.

Na ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?" Ya ce a kwashe komai a koma tsohuwar hanya. Sun wanke man, sun sassare kankaren da guduma har ya yi kaushi, sun ɗauki awo da siririn tiyo mai ruwa a ciki suka yi alama a bango kewaye. Sun jiƙa daɓen, suka shafa ruwan siminti mai kauri, sannan suka zuba kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, da 'yar ƙaramar tsakuwa a wajen da ya fi zurfi. Abin da ban sani ba shi ne, ba a barin gefen sama ya ƙare siriri kamar takarda, ɓallewa zai yi. Sai da suka ba shi santimita 3 a can ciki, don haka ɗakin gaba ɗaya ya tashi, dole mai walda ya zo ya ɗaga ƙofa, aka kuma yi ɗan dakali a bakinta saboda ruwan watan Agusta. Buhu 12 na siminti mai kilo 50 ya ci. Baba ya sa an rufe shi da leda, ana ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, ya ce kada a ɗora kaya masu nauyi sai ya kusa kwana 28. Uwargida ba ta so jin wannan ba, amma wannan karon ba ni da bakin yin gaggawa.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da rasit ɗin tura kuɗin da buhu ɗaya, maganar na hannunsu. Shekaranjiya kuma wani abokina ya turo mini bidiyon nan dai a WhatsApp, bokitin nan, hannun nan mai agogo, sai dai an canza suna da lambar waya. Yanzu wai shagon yana Hotoro, kuma buhu takwas ma ya isa.