Tsohuwar kwamfutar tace bidiyo: a Ingila araha ce, a Kaduna fa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ƙanena da ke ɗaukar bidiyon bukukuwa a Tudun Wada ya dame ni da saƙo tun kafin azumi, wai in nemo masa irin manyan kwamfutocin nan na tebur da kamfanoni ke zubarwa a nan, don laftof ɗinsa ta gaji. Bayan shi wasu mutum biyu daga Kawo da Rigasa suka yi mini irin wannan tambaya. Shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya gani.

Gaskiya ne, a nan Birmingham kayan sun yi yawa. Ka buɗe eBay ko Facebook Marketplace, ga HP Z440 da Z840, ga Dell Precision T5810 da T7810, duk 'yan wajen 2014 ne, injinan da a zamaninsu sai injiniyoyi da gidajen talabijin ke iya saye. Yanzu kuɗinsu bai kai na sabuwar waya mai kyau ba. Wani dalilin shi ne Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma furosesan Xeon E5, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin waɗannan injina, ba ya cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su. Ofisoshi ba sa son zama da abin da babu mai toshe masa ɓaraka, sai su sallama wa dillalai.

Ni ma Z440 nake aiki da ita, kuma ban yi nadama ba. Ƙarfe ne na gaske, tana wuni a kunne ba ta ko tari. RAM ɗinta, wato ma'adanar da take riƙe aikin da ke hannu, na DDR4 da ake cirowa daga tsoffin sabobi (manyan kwamfutocin ajiyar bayanai) ne, na cika mata giga 64. Amma ranar da na fara jefa mata bidiyon 4K mai tsananin kaifin hoto na iPhone a manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, hoton tsalle ya riƙa yi kamar mota a hanyar da ruwa ya cinye. Na yi kwanaki kafin in gane matsalar. Wayoyi da kyamarorin yanzu suna matse bidiyo a tsarin H.265, kuma warware shi aiki ne da sababbin kwamfutoci ke da wani sashe na musamman da ke yi. Xeon E5 ba shi da wannan sashe ko kaɗan, kuma katin hoton da ya zo da injin, Quadro K2200 mai giga 4, shi ma bai san H.265 ba. Sai da na sa mata katin hoto RTX 3060 mai giga 12 da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, sannan ta miƙe. Katin ya fi kwamfutar kanta tsada. Wannan shi ne abin da mai talla ba zai faɗa maka ba: farashin da ka gani kuɗin gangar jiki ne kawai.

Ga wanda ba shi da kuɗin kati, akwai dabara. Manhajar za ta iya yi maka kwafi mara nauyi na kowane bidiyo ka yi yanke-yankenka a kansa, sai a ƙarshe ta koma kan na asali. Tana aiki, sai dai tana cin lokaci, kuma lokacin nan wuta yake sha.

To a nan ne lissafin Ingila da na Kaduna suka rabu, kuma nan ne ya fi damuna. Ni ina barin aiki yana fita da dare in kwanta, da asuba in tarar ya gama. Ƙanena ba shi da wannan gatan. Z840 mai furosesa biyu tana zuwa da akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan cikinta lantarki, na wat 850 ko 1125. Ba kullum take jan haka ba, amma mu ce tana jan wat 400 idan aiki ya yi zafi: awa 8 ya zama yunit 3 da ɗoriya, ban da allo da fanka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da janareta ke ci, kuma ƙaramin janareta ba zai ji daɗin wannan kaya ba. In sola ce, batiran da za su riƙe ta har dare sun fi ƙarfin mai ɗaukar kamu da walima. Sannan akwatin wutar HP nasu ne na kansu, siffarsa daban. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona shi, ba za ka shiga kasuwa ka sayi kowane iri ka maƙala ba, sai ka jira na Legas ko na waje, alhali amarya na kiran waya tana neman bidiyonta.

Ga ƙurar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu. Injin da aka ƙera don ofis mai sanyi, fankokinsa za su yi ta zuƙar ƙura a shagon bakin titi. Wanda ya saya dole ya saba buɗe ta yana hurewa. Abu ɗaya da ya zo da sauƙi: wutar Ingila da tamu duk bolt 230 ne, filogin ma mai ƙafa uku iri ɗaya, ba kamar kayan Amurka ba.

Akwai kuma bambancin ciniki. A nan idan ka saya ta intanet daga hannun ɗan kasuwa, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ko da babu abin da ya same ta, in kuma da lahani kana da kwana 30 ka karɓi kuɗinka. Na taɓa mayar da wata da ramin RAM ɗinta biyu suka mutu, ba a ja da ni ba. Da zarar kaya sun hau jirgi zuwa gida, wannan kariyar ta ƙare a aikace. Z840 ta haura kilo 20, wato ita kaɗai ta kusa cinye jaka guda ta kilo 23. Kuma wanda ya sayi "Landan yus" a shago a gida, sau da yawa gwajin da aka yi a gabansa shi ne garantinsa. Don Allah in za ku saya a can, ku tafi da bidiyonku na 4K a filashi, ku sa a manhajar, ku bar ta ta yi aiki na rabin awa kafin ku ƙirga kuɗi.

Wanda ke da tsayayyar wuta kuma yawancin aikinsa bidiyon 1080 ne, wanda bai kai 4K nauyi ba, kamar masu ɗaukar tafsiri da wa'azi, Z440 ko T5810 mai furosesa ɗaya za ta yi masa hidima, amma ya nemi Z440 mai wat 700 don ta iya ɗaukar kati. Wanda zai iya ƙara kuɗi ya duba Z4 G4 ko Precision 5820, su Windows 11 na karɓarsu. Masu furosesa biyu kuwa, ban ba kowa shawararsu a Kaduna ba.

Ƙanena dai na ce masa ya yi haƙuri mu haɗa kuɗi. Mac mini, ƙaramar kwamfutar Apple mai furosesan M4 da ta fito a 2024, fam 599 aka sa mata da giga 16, tana cin H.265 kamar ruwa, ba ta kai wat 100 ba ko aiki ya kai maƙura, kuma tafin hannu biyu sun rufe ta. Ƙaramar inbatar da ke shagonsa za ta riƙe ta. Ya ɗan ɓata rai, don shi babban akwati yake so kwastoma su gani su san da gaske yake. In Allah ya yarda ita zan sako a jakar hannu idan zan zo babbar sallah.