Aikin yanar ido a Sakkwato: asibitin da muka kai Inna

Masu tambayata inda aka yi wa Inna aikin yanar ido, wani ƙaramin asibitin kuɗi ne ta wajen Mabera. In don hannun likita ne, gobe ma zan kai wani. Tsarin karɓar marasa lafiya kuwa, sai dai a tafi da haƙuri da gorar ruwa.

Ba su taɓa ta ba sai da suka auna sukari da hawan jini, suka ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, sannan suka auna tsawon idon don zaɓar ƙarfin gilashin robar da za a dasa a madadin nata da tsufa ya dusashe. Aikin kansa bai kai rabin awa ba. Allurar kashe zafi kawai aka yi a gefen ido, tana farke, ranar muka koma gida. Da aka cire bandeji washegari, zanen da ke jikinta ta fara duba: "Ashe zanen ga shuɗi na!"

Abin da ya sa na yarda da likitan shi ne maganar idon hagu. Shi ma da yana, kuma da likitan ya so sai ya karɓi kuɗin ido biyu ya yi shiru. Sai ya tura mu hoton OCT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ido, ya nuna mini wani siririn tantani da ya fito can bayan ido, a tsakiyar wurin da gani ke sauka, yana tattare shi. Shi ya sa Inna ke ganin layukan Alƙur'ani a lanƙwashe. Ya ce ko an cire yanar, lanƙwasar tana nan. Wannan aiki ne daban: sai an zuƙe ruwa mai kaurin da ke cikin ido, a ɓare tantanin da ɗan mitsitsin hantsaki, gani kuma ya ɗauki watanni yana gyaruwa, ba lalle ya dawo duka ba. Ya ce ba su da kayan aikin, ya rubuta mana takarda zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Inda suka gaza: kowa ƙarfe 8 ake ce masa ya zo, sai ka ga tsofaffi jere kan benci har azahar, cikin zafin garin nan. Takardar ƙa'idojin bayan aiki kuma da Turanci take. Sai da na tambaya aka ce Inna ta yi salla a zaune na ɗan lokaci, ta bar tozali, ta nisanci hayaƙin murhu da ƙura, kada ruwa ya shiga idon. Tsohuwar da ta zo daga Gwadabawa ba mai karanta mata fa?

Maganin ɗigawa ma ya fi tsada a kantinsu. Ku karɓi takardar likita ku saya a babban kantin magani a cikin gari, amma ku duba ranar lalacewa kafin ku biya.