Gejin mannawa ko na'urar da ba ta taɓa fiffike: wanne ya dace da injinku?

Injiniya, ka tambayi wanne ya fi wajen sa ido a kan karkarwar fukafukan injin tururinku: gejin miƙewa, wato ɗan abin da ake mannawa a jikin fiffike don ya auna yadda ƙarfen ke miƙewa, ko na'urorin da ake dasawa a bangon injin ba su taɓa komai ba. Ka kuma ce kuna da ma'aunin girgiza a kan boris. Wannan na boris kada ka dogara da shi a nan, domin fiffike zai iya karkarwa har ya tsage ba tare da wani abin kirki ya iso wurinsa ba.

Geji shi ne mai faɗin gaskiya kai tsaye. Yana manne a daidai inda ƙarfen yake wahala, yana ba da rahoto babu yankewa, kuma daga shi kake sanin nauyin da fiffiken yake sha. Matsalarsa biyu. Dole a fito da saƙonsa daga abin da ke juyawa, ko ta zoben zamewa (zoben da ke miƙa saƙon lantarki daga ɓangaren da ke juyawa zuwa wanda ke tsaye) ko ta rediyo, kuma zafi da tururi da ƙarfin juyi ba sa barinsa ya daɗe. Ta biyun ta fi damuna: fukafukai kaɗan ake iya manna masa. Ko da a masana'anta ɗaya aka ƙera su, ba su zama daidai ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa wani yakan fi 'yan'uwansa karkarwa nesa ba kusa ba, kuma babu tabbacin shi ne wanda ka manna wa geji.

Ɗaya hanyar kuwa, ta na'urorin bango, agogo take amfani da shi. Na'ura tana zaune a bango, tana rubuta lokacin da kan kowane fiffike ya gifta ta gabanta, wata kuma a kan sandar juyi tana ba da alama sau ɗaya a kowane zagaye. Fiffiken da ba ya karkarwa zai iso a kan lokaci, mai karkarwa kuwa zai riga ko ya makara. Ɗauki injin da faɗin da'irar fukafukansa mita 2 ne, yana juyi 3000 a minti. Kan fiffike yana gudun kusan mita 314 a daƙiƙa, saboda haka lanƙwasar milimita 1 tana nufin bambancin kusan kashi 3 cikin miliyan na daƙiƙa. Abin da ake farauta ke nan. Ribar ita ce kowane fiffike ana ganinsa, ba a taɓa abin da ke juyawa, kuma na'urar tana iya zama shekaru tana aiki.

Amma kada a sayar maka da ita kamar ba ta da aibi. Kowace na'ura sau 50 kacal take ganin fiffike a daƙiƙa a irin wannan gudun, alhali shi yana karkarwa sau ɗaruruwa. Mafi muni, in karkarwar ta yi daidai da ninkin juyin injin, fiffiken zai riƙa isowa a lanƙwashe iri ɗaya kowane zagaye, na'ura guda ta ɗauka yana tsaye ƙyam. Maganin shi ne a dasa da yawa, a tazarar da ba daidai ba, a kuma ɗauki bayanai lokacin da injin ke hawa ko sauka. Sannan motsin kan fiffike kawai take gani. Kafin ka mai da shi nauyin da gindin fiffiken ke sha, sai ka sami samfurin lissafinsa a kwamfuta. Karkarwar da ba ta motsa kan fiffike sosai kuwa za ta wuce ta.

Su ma na'urorin iri-iri ne. Ta hasken leza ta fi kowacce kaifin gani, amma datti da ɗigon ruwa suna rufe mata ido. Ta maganaɗisu ba ruwanta da tururi ko mai, muddin fiffiken ƙarfe ne, sai dai zafi mai tsanani yana karya ta. Mai auna cajin lantarki tsakanin bango da fiffike tana jure zafi, har tana ba ka girman ratar da ke tsakaninsu, amma danshi yana rikita ta.

A matakin ƙarshe na injin tururi, inda fukafukan suka fi tsawo kuma tururin ya jiƙe, ni ta maganaɗisu zan zaɓa don sa ido na yau da kullum. Geji in bar shi ga lokacin gwajin sabon fiffike, a haɗa su biyun a gwaji guda, a ga milimita nawa a kai ya yi daidai da wane nauyi a gindi. Kafin ka nemi farashi, duba min abu ɗaya: shin kawunan fukafukanku a sake suke, ko an ɗaure su da ɗamara? In da ɗamara, sai an sami wata alama a jikinta da na'urar za ta iya gani, kuma wurin dasawar ma zai canja.