Injin tatsa ko takin supa? Amsa ga mai shanu takwas

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambaye ni wanne za ka saya, injin tatsar shanu ko takin supa, wato takin fosfaras. Tunda shanun da kake tatsa takwas ne, duk Bunaji, kuma kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, sayi supa, ka ajiye zancen inji tukuna. Duka biyun ina da su a gona.

Inji ba ya ƙara madara, abin da ke cikin hantsa kawai yake zuƙowa. Bunaji a kiwon da muka saba, lita ɗaya zuwa biyu ake samu a rana bayan maraƙi ya sha nasa, da rani ma ba ta kaiwa. Shanu takwas kuwa, yaro mai hannu zai gama da su kafin hantsi. Matsalarka tana cikin tumbin saniyar, can ya kamata kuɗin ya tafi: ka noma mata abinci da supa.

Shekarar da na fara shuka lablab, wani dangin wake, don shanu, takin ya ƙare mini kafin in kai ƙarshen filin, sai na bar gefen gabas haka nan. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya aka shuka. Zuwa watan Agusta ko daga kan hanya za ka ga iyaka. Inda supa ya taɓa, ganye ya rufe ƙasa har ciyawa ta rasa wurin fitowa. Inda bai kai ba, kara siriri, ganye ƙanana. Na tumɓuke gindi ɗaya daga gefen mai taki, saiwar cike da ƙulle-ƙulle, ka matse ɗaya da farce ka ga cikinsa ja-ja. Waɗannan ƙullun su ke jawo wa shukar abincinta daga iska, shi ya sa dangin wake da gyaɗa ba sa neman yuriya. Amma ba sa yin kirki sai da fosfaras, ƙasarmu ta Arewa kuwa shi ne ta fi rashi. Muka yanke, muka shanya a inuwa don kada ganyen ya kakkaɓe, muka jibge a rumfa. Da watan Maris ya zo, lokacin da garken maƙwabta ke bin kara da ledoji, nawa suna samun dami safe da yamma tare da 'yar dusa, kuma matar gida ba ta fasa kai kindirmo kasuwa ba.

Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1980 masu bincike suka yi wannan aiki da Fulani a yankin Kachia: a killace fili, a shuka stailo, shi ma dangin wake ne na kiwo, a zuba masa supa, a ajiye shi don shanun tatsa da rani. Buhu biyu zuwa uku masu kilo 50 a hekta ɗaya ya isa farawa. Ka zuba shi lokacin shuka, ka haɗa da ƙasa, domin fosfaras ba ya tafiya, inda ka ajiye shi nan yake zama. Ko baɗi ma shuka za ta ci ragowarsa. Wani zai ce maka takin DAP ko TSP sun fi ƙarfin fosfaras, kashi 46 cikin ɗari, supa kuwa bai wuce 16 zuwa 20 ba. Gaskiya ne, amma supa yana ɗauke da sulfa da kalsiyam, waɗanda dangin wake ke so. Kamfa 20:10:10 kuma ka bar wa masara.

In ka ga shanunka suna taunar ƙashi ko itace, ko saniya ta daɗe ba ta nemi sa ba, sau da yawa rashin fosfaras ɗin ne ya biyo su har jiki. Kanwa ba ta maganinsa, sai ka haɗa musu da dutsen lasa mai ɗauke da fosfaras kafin ciyawar ta iso.

Injin nawa, mai bokiti ɗaya, yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Sai dai yana son wuta ko janareta safe da yamma, da ruwan zafi da sabulunsa bayan kowace tatsa, robobin kan nono kuma a canja su bayan tatsa kamar 2,500. Ka yi sakaci da wanki, madara ta tsinke, ciwon hantsa ya bi garken saniya bayan saniya. Ga Bunaji ba ta sakin nono sai ɗanta na kusa, ƙarar injin ma wasu ba sa jurewa. Wurin inji irin gonar kamfanin madara na Arla ta Damau ne a jihar Kaduna, inda aka kawo shanun Holstein daga Denmak, ko mai barbarar Firiziyan (shanun Turai masu yawan madara) ashirin da ya rasa masu tatsa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan kasuwa. Akwai masu haɗa taki da yashi ko toka su ɗura a buhun kamfani su sake ɗinki, duk da dokar ingancin taki ta 2019. Duba bakin buhun ko akwai ramukan tsohon ɗinki, ka sa a ɗora a sikeli a gabanka, ka zura hannu har tsakiya. Kada ka gwada supa da ruwa yadda ake gwada yuriya: na gaske ma ba ya narkewa duka, yana barin laka mai laushi, amma in ka murza ka ji tsakuwa, yashi ne. Masu injin su ma haka, tsoho ake fentawa a ce sabo, kuma wanda bai nuna maka robobi da sauran kayan gyara a kan kanta ba, kada ka ba shi ko sisi.

Ka sayi takin yanzu wurin dila mai rajista, kafin ruwa ya sauka farashi ya tashi. Irin lablab ko stailo ka nema a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, Zariya. Ragowar kuɗin ka sa a wayar shinge da turaku, domin fili mara shinge awakin gari ka noma wa.