Khal ɗin Modena, na je na gani da idona

Ni fa da yayana ya ce mu je gonar inabi a bayan garin Modena na ƙasar Italiya sai da na ja da baya, na ce Yaya ka san ba ruwana da harkar giya, ya ce kwantar da hankalinki, su wannan gidan khal suke yi, balsamico, shi ne na bi shi.

Sana'ar gado ce, dattijon da ya zagaya da mu a hannun kakansa ya koya. Can saman bene ya kai mu ƙarƙashin rufi, tun daga matakala ƙamshi ya tare mu mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami, ga ganguna na katako a jere daga babba zuwa ƙarama, kowacce an rufe bakinta da farin ƙyalle. Ruwan inabin Trebbiano da Lambrusco suke dafawa ya yi kauri su zuba, shikenan ba a ƙara komai, babu firij babu inji, zafin bazara da sanyin hunturu ne ke aikin, kuma ganga ba a yar da ita, wasu sun girmi dattijon ma. Duk shekara a ɗebi kaɗan a ƙaramar, a cike ta daga wadda ke gabanta, haka har shekara 12 kafin a yarda a sayar, mai shekara 25 shi ne extravecchio. Tukar inabin kuma gona suke mayarwa ta zama taki.

Abin da ya fi taɓa min zuciya wallahi, in an haifi 'ya mace sai a kafa mata nata jerin gangunan, ranar aure ta tafi da su, na ce Baba ai kayan ɗaki ke nan! Tsohuwar sana'a ce sosai a garin, gidan Giusti ma tun 1605 suke yi.

Tsada kam akwai ta, kwalbar duka mililita 100 ce, na daɗe ina juya ta kafin na biya. Amma ɗigo uku na sa a kan gasasshen naman rago, kauri kamar zuma baƙi sidik, yara har suna lashe faranti. Wanda zai saya ya duba ya ga an rubuta Tradizionale (wato na gargajiya) da DOP (alamar da ke tabbatar da asalinsa) a jiki, na kanti mai araha ɗin nan haɗi ne daban, salak kawai nake sa wa shi.