Lasifika mai "wat 3000" da na ɗauko daga Yamai: sharhina bayan wata huɗu

Wata huɗu ke nan da na sayi wannan lasifika, doguwar nan mai taya biyu da hannun ja kamar akwatin tafiya, irin wadda ta cika shagunan kayan lantarki a Yamai, kuma sai yanzu zuciyata ta sauka har zan iya yin rubutu a kanta ba tare da na zagi kowa ba. Jika 85 na biya bayan doguwar tayayya, na ƙara kuɗin kaya a tasha, aka ɗora ta cikin kwalinta muka biyo ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Konni har Tahoua, tafiyar da ta haura kilomita 500. Duk inda mota ta faɗa rami sai gabana ya faɗi, domin a ganina dukiya na ɗauko.

Sai na faɗi irin kunnen da nake da shi kafin a gane abin da ya ɓata mini rai. A gidanmu na tashi na tarar da rediyon mahaifina, National Panasonic mai cin kaset ɗaya da manyan batura shida, wanda ake lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Da ƙarfe takwas da rabi na dare, in an kama BBC, ko tari ba a yi a tsakar gida. Aikina shi ne riƙe eriya da murɗa maɓalli a hankali tsakanin mita 31 da mita 41, domin a gajeren zango murya takan zo ta tafi kamar iskar hunturu, kuma wanda bai iya tsinto magana daga cikin shuuu ba, labari ya wuce shi. Da rana kuma Muryar Sahel ce da kasakasai. Mu ne masu mayar da zaren kaset da bik don kada batir ya ƙare, mu ne masu goge kan rediyo da auduga da ɗigon turare in sauti ya dushe. A wannan ƴar na'ura na fara jin kiɗan Ɗan Gurmu, mutumin ƙasarmu ta Adar wanda gasar waƙa ta ƙasa take ɗauke da sunansa, kuma ina iya rantsuwa cewa ana jin saukar yatsa a kan tsirkiya, ana jin inda mawaƙi ya ja numfashi. Tun daga lokacin abin da kunnena ke nema a kowace na'ura ke nan: murya ta fito tas, tsirkiya ta fito tas.

Kuskurena na farko a shagon na yi shi. Mai shago ya sa kiɗan zamani mai rugugi, ya murɗa har ƙarshe, na ji ƙirjina yana rawa a tsakiyar hayaniyar kasuwa, sai na ɗauka ƙarfi shi ne kyau. Memorin da na tara tsofaffin waƙoƙina a ciki yana aljihuna, amma kunya ta hana ni cewa a gwada, don kada samarin shagon su yi mini dariya.

Da na iso gida na sa memorin, sai na ji mawaƙin kamar an jefa shi rijiya an rufe bakinta da bargo. Kalangu yana fita, har ma ya yi yawa, amma gurmi da goge sun nutse, kuma haruffa irin su "s" da "ts" sun narke a bakin mai waƙa. Na murɗa maɓallin da aka ce na siririn sauti ne daga farko har ƙarshe, bambancin da na ji bai taka kara ya karya ba. Mako biyu ina ɗora laifi a kan waƙoƙin, tunda daga tsofaffin kasakasai aka kwafo su. Daga baya na koma zargin kunnena, domin na san yaro yana iya jin siririn sauti har kusan haz 20,000 (haz shi ne ma'aunin siririntar sauti), amma wanda ya haura shekara hamsin kamar ni, na saman nan sun daɗe da fara kuɓuce masa.

Ranar wata Asabar na ja ta zuwa rumfar mai gyaran rediyon da ya san gidanmu tun mahaifina na da rai. Ya saurara bai fi minti ɗaya ba, ya kanga kunnensa a jikin ƙananan lasifikoki biyu na sama, waɗanda aikinsu ne fitar da siririn sauti, sannan ya kwantar da akwatin ya kwance bayansa. Ya haska tocila ciki ya ce, "Mushe, taho ka gani da idonka." Na leƙa. Waɗancan ƙananan lasifikoki biyu masu ƙyalli, faifan roba ne kawai aka manna da gam. Babu maganaɗisu a bayansu, babu waya ko ɗaya da ta je wurinsu. Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ɗaya ya ce, "Wanga ai ado na, kamar kwalliyar amarya." Duk abin da ke cikin wannan ƙaton akwati shi ne babbar lasifika guda mai inci 12, da ɗan allon ampili mai ƙara ƙarfin sauti, wanda bai kai tafin hannuna ba, da batir mai bolt 12, sai iska.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni malamin lissafi ne a kwaleji, kuma lissafin da zai tona asirin "wat 3000" ɗin ɗan aji uku ma zai yi shi. A jikin batirin an rubuta 12V 7Ah, wato in ka ninka, wat 84 ne na tsawon awa guda. Da gaske na'urar tana jan wat 3000, da batirin bai kai minti biyu ba ya mutu. Lambar da suke bugawa da manyan haruffa ita ce wadda suke kira PMPO, wadda ba ta da wani ma'auni tsayayye, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Ƙarfin gaskiya, wanda na'ura ke iya riƙewa ba tsayawa, shi ake rubutawa RMS, kuma na juya kwalin nan ta kowace fuska ban ga inda aka ambace shi ba.

Na buga wa mai shagon waya. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, haka suke zuwa daga kamfani, mu ma ba buɗewa muke yi ba." Ya ce in na kawo ta zai canza mini da wata in cika kuɗi. Na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, na bar shi da Allah.

Ba zan ƙi faɗin alherinta ba. A watan Mayu, lokacin da zafi ya tsananta wuta tana yawan ɗaukewa, takan yi mana kusan awa biyar a matsakaicin sauti, kuma tana kama tashoshin FM na gari sarai. Ranar sunan jikar maƙwabcina ita aka ara, liman ya yi addu'a da makirufonta, har na ƙarshen layi ya ji. Uwargida ma ta karɓe ta don sauraren karatun Alƙur'ani da safe, har na fara cewa a raina wataƙila kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai duk lokacin da aka kunna ta, muryar wata mata da aka naɗa a cikinta takan yi shela da Turanci da iya ƙarfin na'urar, ko da an rage sauti, kuma babu maɓallin da ke rufe mata baki. Wata asuba ta tashi gidan gaba ɗaya har da jariri. Fitilun nan masu juyawa ja da shuɗi su ma ba sa mutuwa sai an kashe ta, ka ga ana karatun Alƙur'ani ɗaki yana walƙiya kamar filin biki. Batirin kuwa yanzu da ƙyar yake kai awa biyu. Duk wanda ya nace sai ya saya, ya tafi da waƙar da kunnensa ya sani, ya sa a rage sauti, ya kanga kunne a jikin ƙananan lasifikokin kafin ya ƙirga kuɗi.

Ɗana mai shekara 16 bai ga aibinta ba ko kaɗan. Shi kunnensa a wayar salula da manyan lasifikokin gidan biki ya girma, in ƙasa ba ta girgiza ba to a wurinsa ba a sa kiɗa ba, har yana cewa rediyon kakansa kamar sauro ne a cikin gwangwani. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna ni ma abin da na tarar shi na riƙe. Mai gyara ya ce da jika 6 zai sa mata ƙaramar lasifika ta gaskiya, ya kuma ba da saƙo a taho da ita daga Konni, yau mako uku ke nan ba ta iso ba. Kafin nan akwatin yana ɗakin yaron, ni kuma na sa an canza wa rediyon mahaifina robar da ke juya kaset, na saya masa batura shida.