Buganbiliya ko yasmin: wacce ta dace da katangar gida?

Hajiya, kin tambaya ko buganbiliya za ki shuka ko yasmin domin ta lulluɓe katangar gidanki, kuma kin ambata cewa ruwa sai kin saya a wurin 'yan garuwa. A ganina, maganar ruwan nan ita ce ta raba gardama.

Buganbiliya asalinta daga Kudancin Amurka ne, ƙasashe irin su Barazil da Peru, kuma da zarar saiwarta ta kama ƙasa, tana jure fari ƙwarai. Tana so rana ta buge ta kamar awa 6 a yini, amma yawan ban ruwa da yawan taki sai su sa ta yi ganye shar babu fure, shi ya sa ta fi ƙayatarwa da rani, lokacin da sauran shuke-shuke suka yi yaushi. Launin ja ko ruwan hoda da ake hangowa daga nesa wasu siraran ganyaye ne da suka kewaye ɗan mitsitsin farin fure, kuma ba su da ƙamshi. Ba ta nannaɗe abu da kanta, sai an ɗaure rassanta a jikin waya ko sanda. Tana da ƙaya mai kaifi, wadda take da amfani a saman katanga, sai dai ba a son ta inda yara ke wasa. Ki dasa ta a farkon damina, ki yanke ledar da aka raine ta a ciki a hankali, domin saiwarta ba ta son a taɓa ta.

Yasmin kuwa, musamman irin da ake kira ta Larabawa, daga kudancin Asiya ta fito. Ba ta da ƙaya, fararen furanninta suna buɗewa da dare su cika gida da ƙamshi, amma tana buƙatar ƙasa mai danshi a kai a kai, kuma busasshiyar iskar hunturu tana wahalar da ita. Da wuya ta wuce mita 3, alhali buganbiliya takan kai mita 10, don haka yasmin ba za ta rufe doguwar katanga ba.

Dukansu ana dasa su daga yankakken reshe, kuma a sabon toho suke fure, saboda haka a rage musu rassa bayan furen ya zube.

Shawarata ita ce ki ba buganbiliya katangar, yasmin kuma ki sa ta a babbar tukunya kusa da taga, ki riƙa zuba mata ragowar ruwan alwala.